Zare da Allura: Amsar Wasiƙunku kan Ɗinkin Tufafin Mutanen Da

Daga shagon Baba Tela, Garwa

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Ni malamar tarihi ce a wata lise, wato makarantar sakandare, a nan Marwa. Ɗalibaina za su yi wasan kwaikwayo a ƙarshen shekara kan yaƙin da Lamiɗo Zubairu na Yola ya yi da Jamusawa a garin nan. Iyayen yara sun haɗa kuɗi, an ce a sayo farar shadda a yi wa kowa babbar riga da hula zanna. Zuciyata ba ta kwanta ba. Me ya kamata mu ɗinka? Kuɗinmu kaɗan ne.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ki dakatar da sayen shaddar nan tukuna, Allah ya sa ba a riga an biya ba. Duk aikin da aka kawo mini irin wannan, ba na ɗora almakashi a kan yadi sai na san abu uku: wace shekara ce, wane gari ne, kuma wane ne mai sa rigar. Naku a fili yake. Turawan Ingila sun ci Yola a watan Satumban 1901, Lamiɗo Zubairu ya fito ya yo gabas, ya kara da Jamusawa a nan Garwa a ƙarshen shekarar, sannan aka yi babban gumurzun a watan Janairun 1902 a bakin garinku, wajen Miskin, inda hafsan Jamus Hans Dominik ya zo da bindiga mai ruwan harsashi. A wannan shekara babu mai sa shadda irin ta yau mai maiƙo da ƙamshi, babu aikin keke a wuyan riga, hula zanna kuwa sai a shekarun 1950 ta yi tashe a kan 'yan siyasar Arewacin Najeriya. In kika sa wa yara waɗannan, taron ɗaurin aure iyaye za su gani a dandali, ba rundunar Fumbina, wato tsohuwar daular Adamawa, ba.

Rigar babban mutum a wancan zamani da saƙar hannu ake haɗa ta. Masaƙi na zaune da ƙoshiyarsa yana fitar da siririn ƙyalle mai faɗin yatsa uku ko huɗu, wanda ake kira ƙwarya, tsawonsa kuwa sai inda zare ya ƙare. Irinsa ne Fulani ke ce wa leppi, mutanen Barno su ce gabaga, har ciniki ake yi da shi a madadin kuɗi. Maɗinki ya yanka, ya jera a tsaye, ya haɗa baki da baki da allura, har a sami faɗin da in mutum ya buɗe hannuwansa rigar za ta wuce yatsunsa. Wannan haɗi shi ke sa tsohuwar riga ta zubo daga kafaɗa da nauyi tana bin jiki. Shadda tsayawa take yi ƙiƙam, ko daga bayan dandali ana gane bambancin.

Manyan riguna a lokacin su ne saƙi, mai duhun shuɗi da ɗige-ɗigen fari kamar gashin zabo, da ƙore, wadda aka rina ta yi baƙi ƙirin aka buge ta da shuni har tana ƙyalli, da barage mai ratsin jan alharini, sai fara tas ta malamai. Heinrich Barth, Bajamushen da ya iso Yola a watan Yunin 1851, ya sa zanen saƙi a littafin tafiyarsa, ana samun hoton a intanet. Kada kuma ki ɗauka ba a san kayan waje ba. Alkyabba da jar dara da mulufi da alharini duk ta hamada suke zuwa daga Tarabulus, su sauka Kano, fatake su sauko da su Adamawa, akoko da alawayyo na Ingila kuma suna hawowa ta Binuwai. Abin da ya kamata ki kiyaye shi ne wa ke da halin sa su.

Nan ne kuɗinku zai isa. Yaron da zai fito a Lamiɗo shi ne mai farar riga, alkyabba a sama, farin rawani da amawali ya rufe haɓa. Mutum uku ko huɗu na kusa da shi su sa saƙi ko ƙore, da dara a ƙarƙashin rawani. Sauran duk dakaru ne: 'yar taguwa mara hannu, gajeren wando ko warki, layu a damtse da wuya, kwari da baka ko mashi. Taguwar mutum goma ba za ta ci yadin babbar riga uku ba. Sojan Jamus kuwa kaki ne da jar hula, kuma yawancinsu baƙar fata ne, Turawan ba su da yawa, don haka yaro ɗaya ko biyu sun isa su fito a hafsoshi.

Ga dabarar da nake yi wa makarantu. Ki sayi akoko, ki sa a wanke shi sau da yawa har kauri da sitacin su fita. Kada tela ya yayyaga shi, don bakin zai riƙa zarewa. Ya auna yatsa huɗu-huɗu ya ja layi a tsaye, ya ɗan tsuke kowane layi da ɗinki ta ciki. In aka juya, sai a ga kamar ƙwarya aka haɗa. Wanda za a mai da ƙore a kai marina, daga nan a kai wa mabuga. Aikin wuya kuwa a yi shi da farin zare mai kauri mara sheƙi, ban da ruwan zinariya. Babban aljihu a ƙirjin hagu, asake, wato zanen aiki mai tsini kamar aska, suna saukowa daga wuya a kansa, tambari a dama da kuma a gadon baya. Aska takwas ta Lamiɗo, aska biyu ta wadatar wa sauran.

Kafin duk wannan, ki tura yaran gida su tambayi kakanninsu, ke kuma ki nemi iso wurin Sarkin Hausawa da dattawan fada. A tsofaffin gidajen Kakatare ba za a rasa rigar da za a bari ku gani ba, ko da ba a ba ku aro ba.  Marigayi Eldridge Mohammadou, masanin tarihin Kamaru, ya bi lamiɗai ɗaya bayan ɗaya yana tattara tarihinsu daga bakin dattawa, rubuce-rubucensa za su nuna miki masu sarautun da ke tsayawa kusa da Lamiɗo, ki san wanda za ki ba riga da wanda za ki ba taguwa.

Tambaya: Baba Tela, barka da aiki. Bayan rasuwar mahaifinmu muka buɗe wata adaka muka tarar da rigar saƙi, aka ce ta kakansa ce, bafatake da ya zo daga Kano ya zauna a nan Ngaundare. Tana warin ajiya, asu ya taɓa gefe ɗaya, ƙasan ya ɗan yage. Ɗana zai yi aure bayan salla, yana son ya sa ta. In fara kai wa mai wanki da guga ne, ko tela ya fara gyarawa?

Amsa: Allah ya jiƙan mahaifi, ya sanya alheri a auren yaro. Hajiya, kada ki kai ta ko ɗaya daga cikin biyun. Na taɓa ganin ƙore da aka kawo mini bayan wani mai wanki ya jiƙa ta da omo ya murza. Ƙyallin da mabuga suka sa mata tun kafin a haife mu ya bi ruwa, kafaɗar ta rabe gida biyu, mai ita yana tsaye a ƙofar shagona ya kasa magana. Zaren da ya haura shekara ɗari ba ya ɗaukar murza, ba ya ɗaukar ruwan jabel, wato bilic, ba ya ɗaukar dutsen guga. Rawar ango da rungumar abokai ma ba zai ɗauka ba.

Ki shimfiɗa farin zani wankakke a tabarma, a inuwa, ki wanke hannu ki bushe, ku kama rigar ku biyu ku kwantar da ita. Ki bar ta ta sha iska, warin zai ragu da kansa. Sannan ki juya cikinta waje a hankali, don a ciki riga ke faɗin shekarunta.

Ki fara da ƙwaryar. Ki ƙirga su daga wannan hannu zuwa wancan, ki auna faɗin ɗaya. Gwargwadon sirantarsu da yawansu, gwargwadon tsadar rigar a zamaninta. Ki matso da ido kan zaren: na mazari ba ya tafiya daidai, nan kauri nan siriri, na masana'anta kuwa sumul yake. Ki duba haɗin. Ɗinkin hannu zare ɗaya ne yana hawa bakin ƙyalle biyu a karkace, in kika bi shi da yatsa za ki ji inda maɗinki ya ƙulla ya sake zare. In kika ga layi miƙaƙƙe, taku daidai wa daida sama da ƙasa, keke ne, wato gyara ne da aka yi daga baya. Ki gangara ƙasan riga ki ga shafi. A manyan riguna sau da yawa da jan alharini ake shafe bakin ta ciki, don in mai ita ya naɗe hannu a kafaɗa ko iska ta ɗaga, jan ya leƙo. Alharinin nan ragowar siliki ne na masaƙun Turai, a rina shi a arewacin Afirka, raƙuma su kawo shi Kano, mata su sake kaɗa shi. Ki duba cuna a gefe, da linzami a gindin wuya, nan ne riga ke fara gajiya.

Sai aikin. In launinsa bai kai fari ba, ya yi ruwan ƙasa-ƙasa mai haske, ba ya sheƙi amma yana da santsi a hannu, to tsamiya ce. Wasu tsutsotsi ne ke yin gida tare a jikin itacen tsamiya ko doka, a ɗebo gidan a dafa shi da toka, a wanke, a kaɗa shi kamar auduga. A gefen asake, inda zare bai rufe ba, wani lokaci za ki ga ɗan layin tawada ya dushe. Wannan hannun malamin da ya zana aikin ne da alƙalami kafin mai allura ya karɓa, don mai zane daban, mai ɗinki daban, riga ɗaya kan ci watanni a hannunsu. Ki sa hannu a gindin aljihu ma. Na sha tarar da ɓarɓashin goro, na taɓa tarar da wuri, na taɓa tarar da 'yar laya an ɗinke ta a kusurwa. Abin da kika samu ki bar shi tare da rigar, laya kuma kada a farke ta.

Wurin da ya yage kada a ja bakinsa a haɗe, zaren zai ƙara tsinkewa. A sa wani ƙyallen auduga mai taushi a ƙarƙashi, a kama shi da allura siririya, taku a sake, yadda wani zai iya warwarewa nan gaba. In kin ga alamar asu na da rai, ki naɗe rigar a farin zani, ki sa a leda ki ɗaure sosai, ki sa a firiza mai ƙarfi mako biyu, in kin fito da ita kada ki kwance sai ta huce. Ki zaɓi gidan da wuta ba ta yawan ɗaukewa. Amma wurin ajiya ban da leda, balle a Ngaundare da damina ke daɗewa, raɓa za ta sa ta fumfuna. Farin zani, adaka a kan dakali nesa da bango saboda gara, busasshen ganyen darbejiya a ƙulle a tsumma a kusurwa ba tare da ya taɓa rigar ba. Kada a rataye ta a ƙusa. Duk bayan 'yan watanni a fito da ita a sauya ninki.

Ango kuwa a yi masa sabuwa a kan awon tsohuwar. Har yanzu ana saƙa saƙi a Najeriya, kuma akwai masu aikin hannu a Marwa da nan Garwa da za su kwaikwayi asaken in aka kai musu hoto da awo. In lokaci ya ƙure, a yi jikin rigar da linzami yanzu, a cika sauran aikin bayan biki. Ran ɗaurin aure a shimfiɗa ta kakan a ɗaki, dangi su shigo su gani. Ki kuma zauna da mafi tsufa a gidanku ki rubuta sunan mai rigar, da unguwar da ya baro a Kano, da zamanin Lamiɗon da ya tarar, ki sa takardar a adakar.

Tambaya: Gaisuwa mai yawa Baba. Ni matashin tela ne a Injamena. Wasu masu shirya fim sun ba ni aikin kayan sojan Rabe, sun kuma ce suna son lifidin doki biyu. Na yi niyyar cusa soson katifa don ya yi saurin kumbura. Ya kake gani?

Amsa: Ɗana, Allah ya yi wa sana'a albarka. Mu fara da sojan. Rabe mutumin Sudan ne, ya yi aiki a ƙarƙashin Zubairu Rahama, wani jagoran mayaƙa na can, kafin ya yo yamma da rundunarsa, ya ci Barno a 1893, ya zauna Dikwa, aka kashe shi a Kusiri ran 22 ga Afrilun 1900, ƙetaren kogi kaɗan daga inda kake zaune. A ranar ne shi ma Kwamanda Lamy na Faransa ya mutu, wanda garinku ya ɗauki sunansa har 1973. Rabe ya karɓi kiran Mahadin Sudan, har ya ba Hayatu ɗan Sa'idu na Balda, jikan Sarkin Musulmi Bello, 'yarsa, kuma mayaƙansa sun sa jibba irin ta Mahadiyya. Don haka kada ka yi musu babbar riga irin tamu. Jibba farar auduga ce mai kauri, ba ta da kwala, tana ƙara faɗi daga hammata zuwa ƙasa, ta tsaya wajen gwiwa ko ƙasa kaɗan. A kanta ake ɗora faci masu kusurwa huɗu, shuɗi da ja da baƙi, a bi bakinsu da zare. Asalin facin alamar gudun duniya ce, amma zuwa zamanin Halifa Abdullahi, magajin Mahadi, ya zama tsararren abu, na dama daidai da na hagu, na gaba daidai da na baya. Masu fim kan so a watsa faci barkatai don a ga talauci. Ka nuna musu hotunan na gaskiya, akwai su a shafukan gidajen tarihi na Faransa da Ingila, ka kuma je gidan tarihin ƙasa da ke garinku ka ga abin da suka ajiye na wancan zamani. Ƙarfin Rabe a bindiga yake, lifidi ya fi dacewa da mahayan Barno da Bagarmi da ya kara da su. Ka gaya wa mai ba da umarni wannan tun yanzu.

Soso kuwa a'a. Yana riƙe zafi, dokin zai jiƙe da gumi kafin a gama ɗauka ɗaya, kuma a ido yana tsayawa a sandare. Lifidi da audugar rimi ake cusa shi, ko auduga zalla. Ka haɗa ƙyalle biyu masu ƙarfi, na sama ka yi shi da ƙananan yanka masu kusurwa uku, ja da fari da shuɗi da rawaya, kamar yadda ake gani a hawan salla a Rai Buba da Garwa da garuruwan Kotoko. Ka ɗinka layuka a jere, tazarar yatsa biyu zuwa uku, ka riƙa tura audugar da siririn kara tana cika kowane layi, kana dannawa har ta yi tauri. In ta yi laushi za ta zube ƙasa ta taru wuri ɗaya. Ba ƙyalle ɗaya ake lulluɓa wa doki ba: na ƙirji daban, na wuya daban, na kuturi daban, a ɗaure da igiyar fata, a bar wurin sirdi da majayi. Ka je ka auna dokin da kanka. Dixon Denham, Baturen Ingila da ya zo Barno da Mandara a 1823, ya bar zanen mahayin Bagarmi cikin lifidi shi da dokinsa, ka nemi wannan zane ka ga inda kowane yanki ke tsayawa.

Abu ɗaya da ba na wasa da shi: audugar rimi tana kama wuta nan take. Mutanen da ma sun san haka, shi ya sa ake harbin 'yan lifida da kibiya mai wuta. In za a harba bindigar albarushi a wurin ɗaukar fim, a nisanta ta da dokin, a ajiye ruwa a kusa, a kuma yi ɗaurin yadda za a iya kwance shi da ja ɗaya.

Tambaya: Baba, ni ɗalibi ne a Jami'ar Ngaundare. Na samo tsofaffin hotunan fadawa na zamanin Jamus, na sa su a manhajar da ke saka wa hoto launi. Zan iya ba tela su ya bi?

Amsa: Ɗana, ka ba shi hoton na asali don yanka da tsawo da yadda ake naɗa rawani, amma launin manhaja ka ajiye shi gefe, cinta take yi. Ko hoton baƙi da farin ma yana ruɗi. Gilashi da fim ɗin da masu ɗaukar hoto suka fi amfani da su a farkon ƙarni na 20 ba sa kama ja: ja ya fito baƙi, rawaya ta yi duhu, shuɗi mai haske ya fito kusan fari. Dogarin da ka gani cikin baƙar riga mai yiwuwa ja ce a jikinsa. Ka tuna kuma ranar da Bature ya kafa na'urarsa a ƙofar fada kowa mafi kyawun kayansa ya sa, wasu ma jera su aka yi.

Launi a jikin tufar kanta ake samunsa. Wani bincike da aka fitar a 2023 ya nuna kayan Kamaru fiye da 40,000 ne ke gidajen tarihin Jamus, gidan Linden da ke Stuttgart kaɗai yana da sama da 8,000. Da yawa ganimar yaƙi ce, irin wadda aka kwashe lokacin da aka ci Tibati a 1899. Abin yana min ciwo, rigunan iyayenmu suna kwance a akwatunan da jikokinsu ba su da bizar zuwa gani. Amma tunda wasu an sa hotonsu a intanet, ka yi amfani da su. Ka karanta bayanin da ke ƙarƙashi da kyau: shekarar da abu ya shiga gidan tarihi tana gaya maka cewa an ɗinka shi kafin nan, sunan hafsan da ya kai shi kuma yakan nuna garin da aka ɗauko shi. Na zamanin Faransa, Marc Allégret ya bi Marwa da Rai Buba da Ngaundare a 1926 tare da marubucin Faransa André Gide, ya ɗauki hotuna masu yawa.

Tambaya: Baba, mu ƙungiyar mata ce a Gidar, za mu nuna kai amarya irin na kakannin kakanninmu a bikin al'ada. Atamfa da leshi sun shiga?

Amsa: 'Yata, ba su shiga ba. Masana'antar CICAM da ta cika mana kasuwa da atamfa a 1965 aka kafa ta, riga da siket kuwa kakar kakarki ba ta san su ba. Zani ne ɗaurin ƙirji, wani zanin a yafa, kallabi a ka. Mata da kansu suke saƙa nasu a tsaye a jikin bango, mai faɗin kamu ɗaya ko fiye, a haɗa biyu ko uku ya zama zani. 'Yar masu hali a lulluɓe ta da saƙi ko turkuɗi, wanda shuninsa ke zuba a fata, kuma wannan zubar ado ce a lokacin. Sai jigida, murjani da tsakiya a wuya, mundaye, lalle, tozali, da kitson doka. Ku nemo tsohuwar da ta iya doka tun da wuri, sun yi ƙaranci. Don sutura a gaban jama'a, ku sa baƙar riga mara ado a ciki, mayafi ya rufe kafaɗa. Ku je Pitowa ran Lahadi ku tambayi masu saƙar hannu. Marinar Garwa da ke rina wa mutanen kudu ƙyallen ndop, shuɗin nan mai farin zane, za ta iya rina muku.

Tambaya: Baba Tela, in na haɗa rigar da da keke, na yi ha'inci ke nan? Hannu yana cin lokaci, masu ba da aiki kuma ba sa son biya.

Amsa: Ɗan'uwa, ha'inci shi ne ka yi da keke ka ce wa mai kaya hannu ne. In ka faɗa masa gaskiya kun daidaita, babu laifi. Ni ina duba inda rigar za ta. Ta dandali, wadda za a gani daga nesa a cire bayan awa biyu, keke ya haɗa jikinta duka. Ta fim, inda na'ura ke matsowa har wuya, duk abin da ido zai kai gare shi hannu ne: cin wuya, linzami, bakin aljihu, bakin hannu, da aikin. Wadda za a ajiye a fada ko gidan tarihi a ce ga irin ta mutanen da, wannan daga farko har ƙarshe allura ce, da zaren auduga, ban da na roba.

In ƙwarya ta gaske ce a hannunka, ka sani keke ba ya haɗa baki da baki yadda allura ke yi. Dole ya ɗora ɗaya kan ɗaya, sai haɗin ya yi tudu, faɗin rigar ya ragu. In ƙwarya sittin ce, kowane haɗi ya ci rabin santimita, ka yi asarar kusan santimita 30, don haka ka ƙara ƙwarya tun wurin saye. Ka jiƙa su ka shanya kafin ka yanka, saƙar hannu tana shiga in ta ga ruwa. Kuɗin aiki kuwa ka raba shi kashi-kashi a takarda, na saƙa daban, na rini da bugu daban, na haɗi daban, na aikin wuya daban, ka karɓi na masaƙi da na marini a gaba kafin ka sa su aiki.